Zuwa ga Ummina, a kan gashin nan naki

Ummina,

Babanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Tun ranar ziyara maganarki take cin raina. Kin ce 'yan ɗakinku sun yi miki caa ranar tsifa, wannan ta ja sili, waccan ta ce ruwa biyu ce, wata ta ce Bafulatana ce take ɓoyewa. Kika tambaye ni asalinki, ni kuma na shashantar da zancen, na koma lissafin garin kwaki da sabulu. Nauyin baki ne ya kama ni. A takarda na fi sakewa.

Kan nan naki na fi ki saninsa. Gaba laushi kamar audugar rimi, ƙeya kuwa a murɗe tamau, ta karya mini mataji uku kafin ki shiga firamare. Shuku bai taɓa cika mako a kanki ba, sai gaban ya zame, makitsiya ta yi ta mita wai kai ɗaya kuɗin biyu ya kamata ta karɓa.

Laushin na Hajiya ne, mahaifiyar babanki, 'yar Shuwa daga Dikwa. Ƙeyar tawa ce, ni ma gado na yi wurin Inna da kika ci sunanta, 'yar Gbagyi daga wajen Kwali, garin Ladi Kwali da kike gani a bayan naira 20. Inna har ta koma ga Allah ba ta ɗora kaya a ka ba, sai a kafaɗa, irin na matan gidansu. Da ta ga yara suna jan gashinki, da an ji su.

Akwai kuma wadda manya ba sa son a ambata: kakar babana. Tana ƙarama aka kawo ta gidan a zamanin bauta, aka sa mata sabon suna. An ce tsagar fuskarta ba ta yi kama da ta kowa a unguwar ba, kuma idan tana daka takan yi waƙa da yaren da babu mai ji. Wani lokacin ina taje miki kai sai ta faɗo mini a rai. Ba zan ɓoye miki ita ba, tana cikin jininki.

Su masu tambayar ma, su tambayi garin nan tukuna. Kakanninmu maza daga Zariya suka biyo Sarki Muhammadu Makau lokacin da jihadi ya fitar da shi. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828 a tsakiyar Koro da Gbagyi, kuma ana cewa don hasken fatarsa ake kiransa Ja. Daga nan Abuja ta samo suna. Da gwamnati ta yanke shawarar sabon babban birni a 1976, sai sunan ya koma can, mu muka zama Suleja, daga Sarki Sulaimanu Barau. A fom dai rubuta Suleja, tunda takardar ƙaramar hukuma uba take bi, ba ta san da Dikwa ko Kwali ba.

Kada ki bari wata ta shafa miki man miƙar da gashi, ko kyauta ne. Murɗaɗɗen gashi yana saurin bushewa saboda maiƙon fatar kai ba ya gangarowa har ƙarshen sili, shi ya sa ƙeyarki take karyewa da hunturu. Ki jiƙa shi kafin ki taje, ki faro daga ƙasa ki haura, kada ki fizga. Na sa miki man kaɗanya da garin karkashi a cikin jakar, da mataji mai manyan haƙora. Ki rubuta sunanki a jikinsa, kin san halin makarantar kwana.

In kin dawo hutu za mu je gaida Hajiya. Ki roƙe ta ta kwance ɗankwali ki gani da idonki. Za ta yi faɗa tukuna, amma za ta kwance.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki,
daga Suleja