Mita 12 a kowace kilomita

Duk wanda ya yi koyarwa a ƙauyukan arewacin Adar ya san rabin aikinsa yana hannun direban kat-kat. Alli, littattafai, buhunan shinkafar abincin yara, mai naƙudar da za a kai asibiti Tawa, duk a bayan Land Cruiser suke tafiya. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta tashi daga Tawa ta bi ta Tabalak da Abalak zuwa Agadas da Arlit, wadda muke ce wa hanyar uraniyum, sauran sai rairayi da duwatsu da ƙoramu. Na yi shekaru ina hawan motocin nan ban taɓa tambayar aikin ɗan guntun sandan nan da ke gefen sandan giya ba. Ranar da na san aikinsa, da yara 14 a hannuna.

Lokacin ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ta Kawusan a Tawa ba, ina riƙe da ajin CM2 a wani ƙauye arewa da Barmu. Watan Yuni ne, ruwa bai sauka ba tukuna, zafin nan da ke haura digiri 40 yana nan daram. Gobe jarrabawar satifika, kuma cibiyar da aka rubuta mu tana da nisan kilomita arba'in da wani abu. Iyaye suka yi karo-karo aka ɗauki shatar mota. Mun shirya tashi da asuba, amma kuɗin bai cika ba sai da hantsi, motar kuma ba ta dawo daga kai itace ba sai bayan azahar. Muka ɗora yaran a baya tare da wata dattijuwa mai raka ƴan mata, da tabarmi, da jarka guda ta ruwa mai lita 20. Direban ya ƙara buhunan hatsi uku na wani mutum. Na gani, na yi shiru.

Yaron motar na san shi sarai. Ɗalibina ne shekara biyu kafin nan, ya bar makaranta a CM1 bayan ni da hannuna na rubuta a takardarsa cewa ba ya gane lissafi. Ya gaishe ni da ladabi, ya haye can saman buhuna.

Farkon hanyar tudun rairayi ne. Yaron ya sauka ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, direba ya ja guntun sandan daga H2 zuwa H4, taya huɗu suka shiga ja. A rairayi inji yana aiki kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri: ƙarfi da yawa, tafiya kaɗan. Ga shi iskar da ke sanyaya radiyeta ba ta shiga sosai sai mota na gudu. Tamu kuwa gaban radiyetarta ya toshe da ƙarangiya da busasshiyar ciyawa. Ga lodi, ga tayoyi cike tam da iska, alhali a rairayi rage iskar ake yi don taya ta baje ta daina nutsewa. A wurare masu zurfi, maimakon ya sa L4, ƙaramar giyar da ke ninka ƙarfin ja, sai direban ya riƙa taka kuloci rabi-rabi har muka fara jin ƙauri. Allurar zafi ta hau. Muka tsaya, aka jira inji ya huce, aka share radiyeta da tsintsiyar kaba, aka zuba mata rabin ruwan shanmu. Awa guda ta tafi a nan.

Saboda haka da muka hau hanyar laterit mai tauri, hankalina yana kan rana, ba kan mota ba. Direban ma ya manta da sandan. Sai da muka yi tafiya mai ɗan dama ya tura shi zai mai da shi H2, sanda ya ƙi motsi. Ya sake turawa, ko gezau. Sai ga yaron yana buga rufin mota, ya leƙo ta taga.

"Maigida, ta ɗaure. A tsaya a ja baya kaɗan, sai ta saki."

Direban, wanda shi ma bai fi shekara 25 ba, ya dube ni. Ni kuma na ce: "Babu tsayawa. Ai kat-kat ƙarin ƙarfi ne, me zai ɓaci?"

"Mushe, don Allah a yi haƙuri, minti biyu ne."

"Kai ne direban? Koma ka zauna."

Ya koma ya zauna.

Ga abin da ban sani ba ranar nan. Waɗannan motoci, da Hilux irin na da, ba a yi su don su riƙa tafiya da taya huɗu kullum ba. Bayan akwatin giya akwai wani ƙaramin akwati mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Idan aka sa H4 ko L4, yana ƙulle sandan da ke juya tayoyin gaba da na baya wuri guda, dole su yi juyi iri ɗaya, ba ragi ba ƙari. Amma tafiyar gaba da ta baya ba ɗaya ba ce. A kwana, tayoyin gaba suna zana da'ira mafi girma. A rairayi ko taɓo wannan ba komai ba ne, taya ta ɗan zame, bambancin ya tafi. A kwalta ko laterit mai tauri taya ta kama ƙasa, babu zamewa cikin sauƙi, sai bambancin ya taru a cikin ƙarfe. Haƙoran giya su cije juna, sitiyari ya yi nauyi, sanda ya ƙi fita, man da ke cikin akwatin ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa.

Wani zai ce ai hanyar miƙaƙƙiya ce, ina kwanar? A nan ne lissafin ya ba ni kunya, don lissafin ajina ne, wanda nake rubutawa a allo kowace shekara: kewayen da'ira shi ne faɗinta sau 3,14. Tayar irin wannan mota faɗinta kusan santimita 80 ne, wato kowane juyi tana cin kusan mita 2,5, juyi 400 ke nan a kilomita guda. Motarmu tayoyin baya sabbi ne, na gaba kuwa ƴan gwanjo da suka side. A ce sun gaza na baya da santimita 1 kacal a faɗi. Kowane juyi an bar su a baya da santimita 3,14. Sau 400, ya haura mita 12 a kowace kilomita. Mun yi kusan kilomita 20 a haka. Mita 250 ke nan da gaba da baya suke jayayya a kansu, kuma duk jayayyar nan a cikin akwati guda take ƙarewa da kan robar taya.

Da farko wani kuka muka fara ji daga ƙarƙashin kujera, siriri, yana ƙaruwa da gudu. Sai ƙasan motar ya yi zafi har ina ɗage ƙafa. Sai wari. Daga baya yaran suka fara kururuwa, hayaƙi yana fita ta ƙasa. Man akwatin, wanda dama ya yi ƙasa don an daɗe ba a duba shi ba, ya ɓalle ta bakin roba yana ɗiga kan bututun hayaƙi. Allah ya kiyaye wuta ba ta kama ba, ga tabarmi ga buhuna ga yara.

Yaron ya shiga ƙarƙashi, ya tofa yawu a jikin akwatin, muka ji ya yi cuu. Bai ce da ni komai ba. Ya sa duwatsu a tayoyin baya, ya kafa abin ɗaga mota ya ɗaga tayar gaba guda. Tana rabuwa da ƙasa ta fizge ta juya da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Wannan juyin shi ne abin da na hana a saki da jan baya na minti biyu. Sanda ya koma H2 da yatsa biyu. Ya buɗe makullan gaba. Sai jiran ƙarfe ya huce, don ba a iya kwance murfin zuba mai. Babu man giya mai kauri a motar, sai litar man inji guda, ita ya ɗura da guntun tiyo, ya ce za ta kai mu in an tafi a hankali.

Awa biyu muka yi a gindin wata aduwa da inuwarta ba ta kai tabarma biyu ba. Mutum 18, ruwa lita 10. Na riƙa raba shi da murfin kwano. Ƴan mata biyu suka fara amai da ciwon kai. Mun isa bayan isha'i, yaran suka ci tuwon da ya huce, suka kwanta a aji.

Takwas suka ci jarrabawar. Cikin shidan da suka faɗi har da yarinyar da ba ta taɓa sauka ƙasa da ta uku a ajina ba, ɗaya daga masu aman nan. Ba zan ce hanya kaɗai ta kayar da ita ba, jarrabawa tana da nata halin. Amma na je wurin mahaifinta na roƙa a bar ta ta maimaita, ya ce, "Mushe, ai an gwada." Bayan kaka aka yi mata aure.

Ina da ƙorafi a kan yadda muke riƙon motocin nan, kuma ni ma ina cikin masu laifin. Mutanen Adar ƴan ci-rani ne. Mutum ya yi shekaru a Abijan ko Libiya, ya tara ya sayi mota, ya miƙa wa ƙanensa da ya yi wata shida yana bin wani direba. Samfurin Land Cruiser ɗin nan tun 1984 ake ƙera shi, injinsa na gazuwal mai silinda 6 da lita 4,2 ya yi suna wajen juriya, har muka ɗauka ba ya mutuwa. Sunan nan ne ke cutarsa. Ana canza man inji don kowa ya san da shi, amma man akwatin raba ƙarfi da na fon gaba da baya sai ranar da suka yi kuka. Da damina kuma wata matsalar ce: a tsunduma ƙarfe mai zafi cikin ƙorama, ya huce farat ɗaya ya zuƙi ruwa ta hancin numfashinsa, mai ya koma kamar kunu, a ci gaba da tafiya a haka har rani.

Mu kuma, malamai da iyaye, in za mu ɗauki shata, kuɗi kawai muke ciniki. Yanzu in yara zan ɗora, sai na zagaya motar na dubi tayoyin huɗu ko jinsi ɗaya ne, na tambayi yaushe aka duba man ƙasa. Wasu direbobin suna jin haushi, suna cewa malamin makaranta ya zama makanike. Ruwan mota daban, na yara daban. In kuɗi bai cika da dare ba, na cika daga aljihuna mu tashi da asuba, a biya ni daga baya ko kada a biya.

Yaron nan yau yana da garejinsa a Tawa da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Har yanzu in ya gan ni sai ya miƙe ya ce Mushe, kuma bai taɓa tayar da maganar ranar nan ba. Ni na tayar da ita bara, na roƙe shi ya zo ajina ranar da za mu yi kewayen da'ira. Ya zo da taya biyu, lamba ɗaya a jikinsu, ɗaya sabuwa-sabuwa ɗaya ta side. Yara suka zagaya su da igiya, suka auna da ma'aunin allo, aka samu bambancin santimita 4. Wata yarinya a layin baya ta riga kowa, ta ce mita 16 a kilomita. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaya daga wace mota aka ciro su. Ya ce daga wadda ke kai iyayenku kasuwar Tawa ran Lahadi, da yamma zai mayar mata da su, don mai ita ya ce sai bayan kaka zai sayi wasu.