Ranar da na rubuta R shida a jere

1/ Wata biyu kenan da na gama SIWES a lab ɗin wani asibiti, kuma akwai abin da na gani a can da har yau yake dawo min in na kwanta. Ban saba dogon rubutu ba, amma wannan kam sai na faɗa. Ku yi haƙuri da tsawonsa. Zare ne 🧵

2/ Maikirobayoloji nake karanta. Tun ina aji ɗaya aka naɗa ni likitar gida. Kowa ya ji ba daidai ba, sai a ce "a tambayi 'yar jami'a". Ni ma kaina ya kumbura. Mura? Ampiclox. Ciwon ciki? Flagyl. Zazzaɓi ya ƙi sauka? Sipro. Wallahi a lokacin gani nake taimako nake yi.

3/ A lab aka haɗa ni da wani dattijon ma'aikaci, saura kaɗan ya yi ritaya. Malam muke ce masa. Ba ya son surutu, ba ya son ganin waya a kan benci. Ranar farko ya ce min, "'Yata, aikin nan na haƙuri ne. Ƙwayar cuta ba ruwanta da saurinki."

4/ Bari in ɗan faɗa muku yadda aikin yake. In likita ya rubuta MCS a takardarka, ana kawo mana fitsari, ko mugunya, ko jini. Mu shuka shi a faranti mai ɗauke da abincin bakteriya, mu sa a akwatin ɗumi. In akwai ƙwayar cuta za ta tsiro, mu gano wace iri ce. Na jini yakan kai kwana 5 ana jira.

5/ Mataki na biyu: a shafa ƙwayar a sabon faranti, a ɗora wasu 'yan ƙananan takardu zagayayyu, kowacce ɗauke da antibayotik daban. Bayan awa 16 zuwa 18 a duba. In maganin yana aiki, za ka ga fili fes kewaye da takardar, ba abin da ya tsiro.

6/ Sai mu auna faɗin filin da rula, mu duba jadawali. S na nufin maganin zai yi aiki. R na nufin ƙwayar ta bijire masa. Tun 1966 aka daidaita wannan hanya, ana kiranta Kirby-Bauer. Kayan aikin ba su da yawa: faranti, takardun, rula, da wutar da ba ta ɗaukewa. Na ƙarshen nan shi ne jidalin.

7/ Wata Talata, a sati na bakwai, Malam ya miƙo min faranti ya ce in auna. Na ɗaga shi a haske, na jujjuya. Ƙwayar ta tsiro har jikin takardun, kamar ciyawa ta cinye gona. Na ce, "Malam, anya takardun nan ba su lalace ba?" Ya ce in duba farantin da muke gwada ingancinsu. Lafiyarsu ƙalau.

8/ Haka na zauna na rubuta da hannuna:
Augmentin R
Seftiriyazon R
Seftazidim R
Jentamaisin R
Sipro R
Septrin R
Guda ɗaya tak ya bar fili, meropenem. Ƙwayar Klebsiella pneumoniae ce, daga jinin wata jaririya 'yar kwana tara da ke kwance a ɗakin jarirai.

9/ Mahaifinta ne ya zo karɓar sakamakon. Matashi ne, bai girme wa yayana ba. Ya ce, "Malama, an gano maganin?" Na ce ya kai wa likita yanzu-yanzu. Da na fito sallar azahar na gan shi a bakin famasi yana ta kiran waya. Kuɗin allurar kwana biyu ya fi abin da Baba ke turo min a wata.

10/ Da na koma, na tarar Malam ya ɗauko wani babban littafi mai baƙin bango. Ba rajistar asibiti ba ce, nasa ne. Duk ƙwayar da ta bijire wa magunguna da yawa sai ya rubuta ta: kwanan wata, ɗakin da aka kawo samfurin, sunan ƙwayar, da jerin S da R ɗinta. Shekaru yana wannan.

11/ Ya buɗe shafin baya, ya ɗora yatsa. Jarirai biyu a cikin kwana goma, ɗaki ɗaya, Klebsiella, jerin R iri ɗaya sak. Da ta yau uku kenan. Ya ce, "Ɗaya sai a ce tsautsayi. Uku kuwa, akwai inda suke ɗibar ta." Ya cire tabarau, ya ce in ɗauko biro mu je.

12/ A nan na gane abin da ake nufi da bibiyar ƙwayoyin cuta. Likita majinyacinsa yake gani. Nas kuma waɗanda ke hannunta a lokacin aikinta. Jariran nan likitoci daban suka turo jininsu, a ranaku daban. In ban da littafin nan, ba inda su ukun suka haɗu a shafi ɗaya.

13/ Ya sanar da shugabar ɗakin da masu kula da hana yaɗuwar cuta a asibiti. Washegari muka shiga da sandunan auduga, muka goga wurin wanke hannu, kwalaben jarirai, bututun na'urar zuƙe majina, hannun ƙofa, har da hannayen ma'aikatan da suka amince.

14/ Kafin wani ya fara zagin nas-nas, ga abin da idona ya gani. Mutum biyu ne ke riƙe da ɗaki cike maƙil. Famfo ba ya zuwa, bokiti ne da kofi. Akwai kwalbar da jarirai biyu ke ciki. Ruwan goge hannu ya ƙare. Safar hannu kuwa dangi ake rubuta wa su sayo.

15/ Bayan kwana uku sakamako ya fito. Klebsiella mai irin wancan jerin ta tsiro daga bututun zuƙe majina da kuma magudanar wurin wanke hannu. Aka ware jariran da suka kamu, aka wanke ɗakin da kulorin, kowane jariri da bututunsa. Har na bar asibitin ba mu sake ganin jerin daga ɗakin ba.

16/ Jaririyar ba ta tashi ba. Ranar Juma'a ta rasu, bayan an samo allurar an fara yi mata. Sauran biyun an sallame su. Na san kwananta ne ya ƙare, ban ja da wannan ba. Amma an umarce mu da bin sababi, kuma ni na ga sababin da idona a cikin faranti.

17/ Gaskiya guda: jerin R iri ɗaya alama ce mai ƙarfi, amma ba ya tabbatar da cewa ƙwaya ɗaya ce take yawo. Tabbaci sai an karanta DNA ɗinta gaba ɗaya an kwatanta. Mu ba mu da na'urar. Akwai wani labari da ya nuna amfanin wannan, muka taɓa shi a aji.

18/ A 2011, a asibitin bincike na NIH da ke Bethesda a Amurka, an kwantar da wata mata daga New York mai ɗauke da Klebsiella da ke bijire wa har irin su meropenem. An killace ta, an sallame ta. Bayan makonni ƙwayar ta ɓulla a wani. Ƙarshe mutum 18 suka kamu, 11 suka rasu, 6 daga ciki ita ce sanadi.

19/ Da suka karanta DNA ɗin, sai ga shi duk daga matar farko ta samo asali. Ta riƙa bi ta jikin mutanen da ke ɗauke da ita ba tare da wata alama ba. Asibiti ne mai kuɗi, mai ruwa, mai wuta, amma sai da suka bi sawu kafin su gane hanyarta. To ina ga namu?

20/ Wani kuskure da ni ma na daɗe ina yi: ana cewa "jikina ya saba da maganin". A'a. Ƙwayar ce ta daina jin sa. Duk lokacin da ka sha antibayotik, yana kashe masu rauni, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. E. coli in ta samu wuri mai daɗi, duk minti 20 tana iya rabuwa biyu.

21/ Abin da ya fi ban tsoro, suna tura wa juna dabarar. Akwai wani ɗan guntun DNA da ake kira filasmid, wata ƙwaya ta miƙa wa wata, kamar yadda muke tura fim ta Xender. Shi ya sa wanda bai taɓa shan wani magani ba, kamar jaririyar nan, zai iya kamuwa da ƙwayar da ba ta jin sa.

22/ Kuma ba sa neman biza. NDM-1, wanda ke karya magunguna irin su meropenem, an fara gano shi a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a New Delhi. Yanzu an same shi a ƙasashe da yawa, har da Najeriya. A 2015 kuma aka bayyana mcr-1 a Chaina, a dabbobi da mutane, mai bijire wa kolistin.

23/ Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jure masa. Shekara 80 kenan. Mu kuma har yau ana ɓallo mana kafso biyu a kemis, na ɗari biyu.

24/ Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Ya fi na maleriya a shekarar, ya fi na ƙanjamau. Yankin da abin ya fi tsanani? Afirka ta Yamma: mutum 27.3 cikin kowane 100,000.

25/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da tsarin GLASS a 2015 don tattara irin waɗannan sakamakon daga ƙasashe. Najeriya ta shiga a 2017, NCDC ke jagoranta, kuma yanzu muna kan shirin ƙasa na biyu, na 2024 zuwa 2028. Amma duk alƙaluman daga benci irin na Malam suke farawa.

26/ In asibiti ya tara sakamakonsa na shekara, ana haɗa jadawalin da ake kira antibayogiram. Ana son aƙalla samfuri 30 na kowace irin ƙwaya. Shi ke nuna wa likita maganin da ya fi dacewa ya fara da shi kafin gwaji ya fito. Na Landan ba zai yi wa Kano ba. Ko a asibiti ɗaya, ɗaki da ɗaki sukan bambanta.

27/ Me ke hana littafin cika? Gwajin na da kuɗi, kuma sai an jira kwana 2 ko 3. Da yawa sai sun sha na kemis kala-kala kafin su zo, ƙwayar ta ƙi tsirowa a faranti alhali tana jiki. Wasu kuma Widal kawai za a yi musu a ce taifod ne, a haɗo su da sipro.

28/ Da na dawo gida na buɗe robar maganin Umma. Ragowar kafso, sirof da aka jiƙa tun azumi, kati-kati da aka sha rabi aka bari. Na zauna a ƙasa ina ware su. Fiye da rabi ni na ce a sayo. Ba wanda ya min faɗa, amma ranar ban iya cin tuwon dare ba.

29/ Sati uku da suka wuce Yaya ta haihu. Gwaggo ta zo da Ampiclox na ɗigawa jarirai, wai don kada cibiya ta yi ciwo. Yaron lafiyarsa lau. Na ce, "Gwaggo, don Allah a bari, sai in likita ya ce." Ta ce, "Ke yaushe aka haife ki? Da shi muka rene ku."

30/ Jikina na rawa na ba su labarin jaririyar nan, da mahaifinta a bakin famasi. Ɗakin ya yi tsit. Umma ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar ta sa a jakarta. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata ba sai ranar suna, amma ba a ɗiga masa ba.

31/ Kada a fahimce ni a baibai, ban ce a guji antibayotik ba. Rashin samun sa a kan lokaci ma yana kashe mutane. Jariri in ya yi zafi, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Maganata a kan shan da ba dalili ce.

32/ Abin da ke hannunmu:
• Yawancin mura bairos ce, Ampiclox ba ya taɓa ta
• A sha yadda likita ya rubuta, kada a raba ragowa
• In an sha bai yi ba, a tambayi likita batun MCS kafin a sake wani
• In an je dubiya a wanke hannu shiga da fita, a daina zama a gadon majinyaci

33/ Abin da ba ya hannunmu kuma sai mu tambayi masu iko: ruwa a famfon ɗakin jarirai, wuta a lab, takardun gwaji da ba su wuce wa'adi ba, da isassun ma'aikata. Ɗan majalisarku in ya zo da hoton ginin asibiti, ku tambaye shi ko famfon ciki na kawo ruwa.

34/ Malam zai yi ritaya baɗi. Na tambaye shi wa zai riƙe littafin, ya yi murmushi bai ce komai ba. Akwai manhaja kyauta mai suna WHONET da aka yi don wannan aikin. In asibitin ya ba da izini, furojet ɗina na aji huɗu shi ne shigar da littafin ciki, ba tare da sunan kowa ba. Ku sa ni a addu'a.

35/ 'Yan lab, nas-nas da likitocin da ke nan: asibitinku na da antibayogiram? Yaushe aka sabunta shi? Ku faɗa min a ƙasa, kuma in na yi kuskure a gyara min, ɗaliba ce ni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyayen yarinyar nan haƙuri. A tura wa likitan gidanku 🙏🏽