Tafiyata Kano da Littafin da Ba a Yi Biki Ba

Ranar wata Asabar na yi sammako daga Zariya na nufi Kano, labarin da na rubuta yana cikin jaka, gabana sai faɗuwa yake yi. Muka wuce Kwanar Dangora, muka sauka a Unguwa Uku, na hau a-daidaita-sahu zuwa Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, wajen masu sayar da littattafan Hausa. Kai jama'a! Ga ƙura, ga cunkoso, ga littattafai jibge, kusan kowane bango da hoton budurwa.

Wani dattijo mai shago ya duba shafin ƙarshe kawai ya ce, "'Yar nan, ashe ba su yi aure ba? 'Yan mata biki suke so. Je ki gyara." Idona ya ciko da ƙwalla, don kuɗin bugawar adashena ne na shekara guda.

Can sai na hango Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Na ce, "Baba, wannan fa? Tauraruwarsa Rabi ai ba budurwa ba ce, uwar 'ya'ya tara ce da miji ya kora saboda amarya, ta kama sayar da abinci. Ga shi har an buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012." Ya yi dariya ya ce, "Ke dai akwai taurin kai. Kawo in karanta daga farko."

Na dawo Zariya da magariba, ban canza ko harafi ɗaya ba. Ku taya ni da addu'a.