Keken Da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Garin Winnipeg, inda muke zaune da iyali a ƙasar Kanada, gari ne mai tsananin sanyi. Tun daga watan Nuwamba dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa, ba ta gama narkewa sai wajen Afrilu. A watan Janairu akwai ranakun da sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. A Disamba kuwa rana takan faɗi tun wajen ƙarfe 4:30 na yamma. Saboda haka galibin masu hawan keke sukan jingine kekunansu, su koma shiga mota.

To, wata biyar ba kwana biyar ba ne. Ƙarfin zuciya da na huhu ba ya ajiyuwa kamar hatsi a rumbu. Idan mutum ya daina motsa jiki, cikin 'yan makonni kaɗan numfashinsa yakan fara gajarta. A gidanmu maganar ta ƙara nauyi sa'ad da likita ya auna maigida, ya ce jininsa ya fara hawa. Ya ba shi magani, ya kuma ce kada lokacin sanyi ya zama lokacin zama. Muna da yara waɗanda ba su gama makaranta ba. Muka ga lalle wannan ba maganar wasa ba ce.

Sai muka shigar da keken cikin gida, kamar yadda mutanen ƙasar suke yi. Akwai wani ƙarfe mai ƙafafu da ake sayarwa, wanda ake ɗaura tayar baya a kansa. Idan an taka feda, tayar takan murza wani ɗan ƙarfe mai juyawa, sai mahayi ya ji nauyi kamar yana kan hanya. Muka kafa shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, muka ajiye tawul da gorar ruwa da fanka. Kada ku yi mamakin fanka a ƙasar ƙanƙara. A kan hanya iska ce take busar da gumi. A ɗaki kuwa babu iska, minti goma sun isa mutum ya jiƙe sharkaf.

Mene ne amfanin keken da ba ya zuwa ko'ina? Amfaninsa yana cikin ƙirji. Zuciyar babban mutum, sa'ad da yake hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana tura jini wajen lita 5. Idan ana sa ta aiki a kai a kai, takan ƙara ƙarfi, har ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu. Ƙananan hanyoyin jini kuma sukan ƙaru cikin tsokar ƙafafu, su kai mata iskar da huhu ya shaƙa. Shi ya sa zuciyar wanda ya saba takan yi aikinta a natse, ba gaggawa.

An daɗe da gane wannan. A shekara ta 1953 wani likita a Ingila, mai suna Jerry Morris, ya fitar da bincikensa a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka don karɓar kuɗi. Aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancinsu motsi ne.

Babban abin da muka koya shi ne a yi a hankali, a kuma yi kullum. Ɗanmu saurayi yana so ya hau ya yi ta gudu har ya kasa numfashi. Amma masu horar da 'yan tseren keke sukan sa mutanensu su yi yawancin aikin lokacin sanyi da matsakaicin gudu, na dogon lokaci. Awonsa mai sauƙi ne. Idan kana tuƙi kana iya yin magana, amma ba ka iya rera waƙa, to, ka sami daidai. Idan maganar ma ta gagara, ka rage. Mun fara da minti 15, kowane mako muna ƙara kaɗan, har muka kai minti 30 zuwa 45. Sau ɗaya a mako muke ƙara nauyi na 'yan mintoci, mu huta, mu sake. Sannu ba ta hana zuwa.

A shekara ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara kuma wajen minti 60 a rana. Wato minti 30 sau biyar a mako ya kai mutum ga mafi ƙanƙanta. Muka rubuta sunayenmu a takarda, muka manna a bango. Maigida da asuba kafin ya tafi aiki, uwargida da yamma, yara bayan sun komo daga makaranta.

Gaskiya akwai wahala, amma ba a ƙafa take ba. Wahalar ita ce kallon bango. Waɗansu sukan yi amfani da Zwift, wanda ya fito a 2014, inda mahayi yake ganin hanya a allon kwamfuta, yana tafiya tare da mutanen wasu ƙasashe. Mu dai hira ce ta fi yi mana amfani. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana ninke wanki a gefe, ana maganar makarantar yara da labarin gida. Hirar nan kuwa ita ce ma'auninmu, gama da zarar amsa ta fara yankewa, mun san mahayi ya wuce gona da iri.

Kafin ƙanƙara ta narke mun ga bambanci. Hawa bene da kaya ya daina sa mu haki. Da muka ƙirga bugun zuciya da safe, kafin mu sauka daga gado, muka tarar ya ragu. Maigida yana nan yana shan maganinsa, gama keke ba ya maye gurbin likita.

Ku masu karatu a gida, ba ku da ƙanƙara, amma kuna da hunturu, wanda ƙurarsa da sanyin safiyarsa sukan tsare mutane a ɗaki. Ga babur kuma ya ɗauke wa mutane da yawa tafiyar ƙasa. Wanda ba shi da keke, sai ya zaga tsakar gida da sauri na rabin sa'a. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ya fara tambayar likita tukuna. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin yi, ya tsaya nan take, ya nemi asibiti. Sauran jama'a kuwa, ku zaɓi lokacinku, ku sami abokin hira, ku fara da minti 15.