MIJI, MATA DA WACCAN: ƘARYAR DA MUKA YI WA DARIYA



Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, tun daga zamanin silima zuwa kaset ɗin bidiyo har zuwa yau da ake fassara su da Hausa, mun fi riƙe na faɗa da na ban tausayi. Idan aka ambaci Sanjeev Kumar, yawancinmu Thakur na fim ɗin Sholay za mu tuna, dattijon nan da aka sare wa hannaye biyu. Amma yana da wani fim na ban dariya da ya fito a 1978, wanda B.R. Chopra ya ba da umarni, mai suna Pati Patni Aur Woh. Ma'anar sunan da Hausa ita ce Miji, Mata da Waccan. Biyun farko an ba su matsayi, ta ukun kuwa ko suna ba a ba ta ba, nuna ta kawai aka yi. Wannan fim muke so mu tattauna a kai yau, domin ƙaryar da aka gina shi a kanta tana nan tana yawo a tsakaninmu, musamman mu da neman abinci ya kawo Kudu.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Ranjeet, wato Sanjeev Kumar, ya haɗu da Sharda, wadda Vidya Sinha ta fito a matsayinta, suka so juna, suka yi aure, suka haifi ɗa namiji. Aiki ya yi kyau, aka ƙara masa girma a kamfani, aka ba shi ofis da sakatariya. Mai kallo zai yi ta zuba ido ya ga inda Sharda ta kuskure, amma har fim ya ƙare ba zai gani ba. Ba ta da faɗa, ba ta raina shi, gida tsaf, yaro cikin kulawa. Akwai ma wata waƙa da ta yi suna a fim ɗin, inda uban da ɗansa suke wanka da ruwan sanyi suna wasa da tsalle-tsalle, gida ya cika da raha. Marubucin labarin, Kamleshwar, da gangan ya gina gidan haka, don kada wani ya samu abin da zai ɗora wa matar.

Sai ga sabuwar sakatariya, Nirmala, wadda Ranjeeta ta fito a matsayinta. Yarinya ce mai kamun kai da ta fito neman na kanta, kuma Ranjeet ya san ba za ta saurari mijin wata ba. Saboda haka ya nemi wata ƙofa, ƙofar tausayi. Ya gaya mata cewa matarsa tana fama da cutar daji, kwanakinta sun kusa ƙarewa, shi kuma yana nan cikin kaɗaici da baƙin ciki. Yarinya ta ji tausayinsa, tausayi ya zama so, ta fara ganin kanta a matsayin wadda za ta share masa hawaye idan ta Allah ta kasance. Wanda ya taya shi kitsa wannan ƙarya da rufe ta shi ne abokinsa Durrani, wato Asrani, wanda muka sani da rawar mai gadin kurkuku a Sholay. Duk sanda asiri ya kusa tonuwa, abokin ne ke zuwa da sabuwar dabara.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Sharda ta fara ganin alamu, har da hankici mai jambaki a aljihun maigida. Ba ta tayar da hankali a banza ba, sai ta bi sawu a hankali, ta je ta samu Nirmala ba tare da ta bayyana ko ita wace ce ba, ta ji komai daga bakinta. A nan ne mace mai lafiya garau ta ji ana ba ta labarin mutuwarta da ake jira. Da gaskiya ta fito, Nirmala ta ajiye aikin ta tafi. Sharda ta ɗaura niyyar barin gidan, daga baya ta haƙura saboda ɗansu. Sannan fim ya rufe da abin da ya fi ba masu kallo dariya: an kawo wata sabuwar sakatariya, Parveen Babi, kuma Ranjeet ya sake gyara murya zai fara tsohon karatunsa.

Mun yi dariya, kuma fim ɗin ya cancanci a yi masa, domin Sanjeev Kumar gwani ne. Yadda yake marairaice fuska idan yana ƙarya, da yadda yake rawar jiki idan an kusa kama shi, sun sa mai kallo yana jin tausayinsa maimakon haushinsa. Amma idan dariya ta lafa aka zauna aka yi lissafi, za a ga wanda ya biya kuɗin wannan wasa. Nirmala ta rasa aikinta, ta tafi da kunya da karyayyar zuciya. Sharda ta zauna da mutumin da ta san ya taɓa yi mata fatan kabari da bakinsa. Ranjeet kuwa yana nan a kujerarsa, babu abin da ya ragu a albashinsa.

Akwai dalilin da ya sa ƙaryarsa ta ɗauki wannan siffa. A Indiya, dokar auren Hindu ta 1955 ta hana mabiyin addinin Hindu ƙara aure matuƙar matarsa tana raye kuma igiyar auren tana nan. Don haka idan Ranjeet yana so yarinya mai mutunci ta sa ran zai aure ta, dole ya nuna mata cewa gurbin ya kusa zama fanko. Wannan ba uzuri ba ne a gare shi, don da ma ba auren yake nufi ba, amma aƙalla mun gane me ya sa ya zaɓi ya kashe matarsa da baki.

To mu fa? Mu addininmu ya buɗe wa namiji ƙofar ƙara aure, da sharaɗin adalci da iya ɗaukar nauyi. Ba ya buƙatar matarsa ta mutu, ba ya buƙatar ta zama muguwa. Duk da haka kowa a cikinmu ya san irin maganganun da ake yi a wajen zance. Wani ya ce uwargidan ba ta da lafiya, shekara da shekaru ba ta iya komai. Wani ya ce auren zumunci ne aka ƙaƙaba masa, bai taɓa son ta ba. Wani ya ce sun riga sun rabu, takarda kawai ta rage. Wani kuma ya ce shi gwauro ne, alhali yana da 'ya'ya biyar a gida. Duk waɗannan ƙaryar Ranjeet ce aka sauya wa riga, kuma tamu ta fi tasa muni, domin shi ya tarar da ƙofa a rufe, mu kuwa tamu a buɗe take muka zaɓi haurawa ta katanga.

Zaman Kudu ya ƙara wa wannan ƙarya araha. Sharda ta gano mijinta ne saboda gari ɗaya suke, gida ɗaya suke kwana, ita ke wanke masa kaya. Amma ɗan uwanmu da ke kasuwanci a Mile 12, ko yake zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan, ko yake harkar shanu a Lokpanta, sau da yawa iyalinsa suna can Katsina ko Sakkwato ko Damagaram. Wani sai sallah zuwa sallah yake leƙa gida. Matar da ke can ba ta da hankicin da za ta tsinta a aljihu. Yarinyar da ke nan kuma, ko 'yar unguwarmu ce da aka haifa a Kudu, ko Bayarabiya, ko 'yar wata ƙabila da ta yarda da shi, ba ta da hanyar da za ta je ta ga ko uwargidan nan da gaske tana kwance. Kowacce a cikinsu abin da ya gaya mata shi ta sani. Ranar da gaskiya za ta fito, sau da yawa an riga an haihu, wani lokacin ma sai ranar rabon gado ake ganin fuskokin da ba a taɓa jin labarinsu ba.

Ba muna musun cewa aure yana gundurar mutum ba. Yana yi. Shekaru suna tafiya, hira ta koma ta kuɗin makaranta da cefane, doki ya kwanta. Kaɗaicin zaman baƙunta shi ma gaskiya ne, wanda ya kwana shi kaɗai a ɗakin haya wata shida ya san haka. Sai dai mu tuna matar da aka bari a gida ita ma watannin nan shida ta ƙirga, ita ma gundurar ta same ta, kuma haƙuri kawai muke nema daga gare ta. Abin da ƙarshen fim ɗin ya nuna shi ne ciwon Ranjeet a jikinsa yake. An cire Nirmala daga labarin, matarsa ta yafe, gida ya koma daidai, amma da wata ta shigo ofis sai ciwon ya tashi. Da a ce Sharda ce matsalar, da ba haka fim ɗin zai ƙare ba. Mutumin da yake jin sai ya ɓata matarsa kafin wata ta so shi, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa ko gidan ne ya lalace ko kuwa shi ne ba ya iya zama wuri ɗaya.

Indiyawa sun sake yin fim ɗin a 2019, Mudassar Aziz ya ba da umarni, da Kartik Aaryan da Bhumi Pednekar da Ananya Panday. Bayan shekara 41 labarin bai tsufa ba, ƙaryar ce kawai ta sauya. A sabon, mijin bai ce matarsa na mutuwa ba, cewa ya yi tana cin amanarsa da wani namiji. Daga fatan mutuwa an koma ƙazafi. Wannan ma ba baƙo ba ne a kunnenmu, domin mun sha jin namiji ya jefi uwar 'ya'yansa da mugun hali don kawai ya samu shiga wajen budurwa, ya manta cewa maganar da ta fita daga baki ba ta dawowa, kuma wata rana 'ya'yansa za su ji.

Wani zai ce ai zance ya gaji haka, ba wanda ke zuwa neman aure ya zauna yana yabon uwargida. Ba a ce ka je kana wasa ta ba. Cewa aka yi kada ka yi mata ƙarya. Wani kuma zai ce akwai mazan da da gaske matansu ba su da lafiya, ko aurensu ya yi tsami. Haka ne, akwai su, kuma mai gaskiya ba ya tsoron bincike. Shi ne zai fara ba da lambar wayar yayansa da sunan unguwarsu ya ce a je a tambaya.

Yawancin masu karanta wannan rubutu ba za su taɓa zama Ranjeet ba, amma kusan kowannenmu wata rana za a nemi ya zama Durrani. Aboki zai ce idan ta kira ka ce mata muna tare. Ko ya ce idan iyayen yarinyar suka tambaye ka, ka ce matata ta daɗe a kwance. A fim abin dariya ne. A zahiri kuwa shaidar zur ce, kuma ƙaryar mutum ɗaya ba ta daɗewa sai ta samu mai riƙe mata ƙafa. Iyayenmu sun zauna a Kudu sun yi suna da amana. An ba su goro da shanu bashi da baki kawai, babu takarda, saboda an san maganar Bahaushe ɗaya ce. Ba zai yiwu mu riƙe wannan suna a kasuwa mu zubar da shi a wajen neman aure ba, domin mutanen garin da muke zaune da su suna ganin duka biyun, kuma laifin ɗaya kan shafi sauran.

Saboda haka muna kira ga iyaye da waliyyai a unguwanninmu, idan mutum ya zo neman 'yarku, ku bincika har garinsu. Yau waya ta sauƙaƙe komai, kuma babu garin Arewa da ba za a samu ɗansa a zangonmu ba. A tambayi limami, a tambayi fadar Sarkin Hausawa, a tambayi mutanen garinsu. 'Yan mata da zawarawa kuma, idan namiji ya fara zance da kukan matarsa, ku yi hattara, domin bakin da ya ɓata waccan shi ne zai ɓata ku gobe. Mu maza kuwa, wanda yake da hali da niyyar ƙara aure ya faɗi gaskiya tun ranar farko: ina da mata, lafiyarta ƙalau, muna da 'ya'ya kaza, ga abin da nake samu. Wadda ta yarda a kan haka ta yarda da idonta a buɗe, wadda ta ƙi kuma ba a cuce ta ba. Uwargida ma ta ji daga bakin mijinta kafin ta ji a gidan biki. Wanda kuma ya san gundura ce kawai ke damun sa, kuɗin da zai kashe a zance ya isa kuɗin motar zuwa gida, ko ya fara tanadin ɗakin da zai ɗauko iyalinsa su zauna tare.

Wanda ya samu fim ɗin ya kalla, zai yi dariya sosai. Idan da hali ma a kalla tare da uwargida, a lura da wuraren da ita ba ta yi dariya ba.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya kare mu daga cutar da matanmu da 'ya'yan mutane, ya ba mu abokai masu gaya mana gaskiya. Amin.