Gonar Goggo

Shekara biyu ke nan ina karatun shari'a a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Da na zo hutu Madarumfa, Goggo ta tare ni: "Ɗana, kai mai karatun alƙalai, baffanka zai karɓe gonar da babanmu ya ba ni. Ba ni da takarda."

Wallahi sai na yi shiru. Dokar karkara ta 1993 na hardace ta da Faransanci, ban taɓa faɗin ta da Hausa ba. Da dare na zauna na warware mata: haƙƙin gargajiya ma doka ta san da shi. Washegari muka kai shaidu biyu gaban mai gari. Takarda ba ta fito ba tukuna, amma Goggo ta shibka hatsinta.