Ƙarya Mai Fure da Rani

Masu iya magana kan ce, "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Da yawa daga cikinmu mun tashi da wannan karin magana a baki, ba tare da sanin cewa akwai wata shuka da Bahaushe ya laƙaba wa wannan suna ba. Ita ce masana tsirrai ke kira Adenium obesum, 'yar gajeriya mai kumburarren gindi da fure ja-ja, wadda asalinta ƙasashen Sahel ne da yankin Larabawa.

Mu da ke zaune a Ali Kazaure mun san darajar ruwa. Idan rani ya tsananta rijiyoyi suka ja baya, kowace jarka sai an saye ta a hannun 'yan garuwa, don haka ba mai hankalin da zai zuba wa fure abin da zai dafa tuwo da shi. A nan ne ƙarya ta yi wa sauran furanni zarra. Takan tara ruwa a gindinta tun da damina, ta kakkaɓe ganyenta da hunturu, sannan ta fito da fure a lokacin da kowace ciyawa ta bushe.

Sai dai a Jos ba ƙishirwa ce abokiyar gabarta ba, yalwa ce. Garin yana bisa tsauni mai tsawon kusan mita 1,200, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya a watannin Yuli da Agusta. Muddin saiwarta ta daɗe cikin laima, ruɓewa za ta yi. Shi ya sa mukan dasa ta a tukunya mai huda, cikin yashi da tsakuwa, mu janye ta ƙarƙashin rumfa idan marka ta kankama. Reshen da muka yanko kuwa sai ya sha iska na 'yan kwanaki kafin ya shiga ƙasa. Mukan kuma nisanta ta daga yara da awaki, domin ruwan jikinta dafi ne, har maharba kan shafa shi a kibiya.

To, ko ta cancanci sunan nan? Wanda ya yi haƙuri da ita wata rana zai ga ta fito da kwanso biyu kamar ƙahonni, cike da iri mai gashi da iska ke ɗauka. Ashe tana 'ya'ya, gaggawarmu ce ta hana mu gani.